Allurar Boila Ta Sake Faɗuwa

Sanyi ne ya tashe ni da safen nan. Na miƙa hannu na taɓa radiyetar da ke gefen gado, ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, na ji ta sanyi ƙalau. Na ja tsaki, na yafa bargo, na sauko kicin. Boilar, injin gas ɗin da ke dafa ruwan ɗumama gidan, tana maƙale a bango, fara fat, sabuwa dal, tana ƙyafta min ɗan jan fitilarta. Allurar agogon da ke gabanta ta bar kore ta kwanta cikin ja, wato ruwan da ke zagaye bututun gidan ya sake raguwa.

Na ɗaga murya na ce, "Idwal! Sauko ka ga gimbiyarka ta sake yin fushi."

Mijina Idwal ya sauko a hankali yana riƙe da katakon matakala. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran injuna a masana'antar ƙarfe har aka rufe ta, wanda da can ko agogon bango ya yi tari sai ya kwance shi, sai ga shi ya tsaya yana kallon allurar, hannu a aljihu.

Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, Menna."

"Na gode, malamin hikima. Matsa min."

Na sunkuya na buɗe 'yan famfunan nan biyu baƙaƙe da ke ƙarƙashinta, ruwa ya shiga yana shuu, allurar ta hau ta koma kore, na rufe. Boilar ta yi gyaran murya ta kama. Jiya ma haka na yi, shekaranjiya ma haka.

Abin da ya sa raina ke ɓaci ba sanyin ba ne, 'yarmu Sioned ce. Bara tsohuwar boilarmu ta mutu ana tsakiyar hunturu, sanyi ya shige min ƙirji har aka kwantar da ni a asibiti. Da bazara ta yi, Sioned ta zo daga birnin Cardiff ta sa aka ɗora mana wannan sabuwar, aka fitar da tsohon tankin ruwan da ke cikin rufi aka jefar. Ta tsaya a nan kicin ɗin, jakarta a kafaɗa, ta ce, "Mama, ki saurare ni da kyau. In gidan nan ya sake barin ku cikin sanyi, magana ta ƙare. Za ku dawo kusa da ni." Har wurin ta samo, ɗaki biyu a gidan tsofaffi, da jar igiya a kowane lungu wai in ka faɗi ka ja a kawo maka ɗauki. Ni Menna, da aka kawo ni gidan nan amarya, na san kukan kowace matakala, a ce in je in zauna ina jiran ranar da zan ja igiya? Allah ya kiyaye.

Saboda haka ban kira Sioned ba, na kira Gethin Mai Gas. Da ni da uwarsa muka yi ƙungiyar mawaƙan coci, na san shi tun yana majina, ga shi yanzu da tumbi da furfura a gemu.

Ya shigo yana kakkaɓe ruwan sama daga hularsa. "Inna Menna, me kika yi mata? Ko ita ma kin yi mata tsawa ne?"

"Ka rufe min baki ka yi aikinka. Kuma ka cire takalman nan."

Ya buɗe murfin, ya danna nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya ce akwai wani ɗan tanki a cikinta mai riƙe iska, in iskar ta sace haka take yi. Ya ɗauko famfon keke ya buga masa, ya ce lafiyarsa lau. Ya fita ya zaga ta bayan gidan inda wani siririn bututun tagulla ya leƙo ta bango, ya ɗaura masa leda.

"In ruwan ta nan yake gudu, za mu tarar da shi a ledar. Ƙaramin aiki ne."

Ya cinye min kek rabin faranti, sannan ya juya ga Idwal da ke zaune a kujerarsa. "Baba Idwal, kai ne babban ogan. Me ka gani?"

Idwal ya ce, "A duba tankin rufi."

Gethin ya fashe da dariya har da buga cinya. "Tsoho bai daina barkwanci ba! Tankin da ni da kaina na sauko da shi?"

Ni ma na yi dariya, har ta fi tasa ƙarfi. Idwal ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan shi ma ya murmusa.

Da Gethin ya dawo, ledar a bushe take ƙamas. Allurar kuwa kullum sai ta sauka. Wannan karon bai yi raha da yawa ba. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki da takardar goge hannu, yana shafa gindin kowace radiyeta, yana duba takardar a haske. Ya leƙa silin da tocila ko zai ga tabo. Daga baya ya toshe boilar ya raba ta da bututun gidan, ya tafi wani aikin ya dawo da yamma, allurar ba ta motsa ba.

Ya sosa gemu ya ce, "Ita kam ba ta da laifi. Ruwan yana ɓacewa ne a cikin gidan. Tunda ba a sama ba ne, to a ƙasa ne, ƙarƙashin katako."

Kowa a kwarin nan ya san abin da ke ƙarƙashinmu. Kakanninmu sun rarake dutsen nan kaf suna haƙar kwal, layinmu gaba ɗaya a kan rami yake zaune. Gidan Blodwen da ke ƙarshen layi da haka ya fara, bututu ya tsage, sai ƙofa ta ƙi rufuwa, sai bango ya buɗe har kana zura hannu. Yanzu an buga wa tagoginsa katako, Blodwen kuwa tana can wani gari da ba ta san kowa ba.

"Gethin, kar ka gaya wa uwarka. In ta ji, duk coci sun ji, in coci sun ji Sioned ta ji."

"Haba Inna, ni ne fa."

"Shi ya sa na faɗa."

Daga ranar na zama kamar mahaukaciya. In na cika ruwan da safe, sai in durƙusa a falo in ɗage gefen kafet in kara kunne a katako. Wani lokaci in ji kamar ɗiga, ɗis, ɗis, in na riƙe numfashi kuma sai shiru. Na bi ƙofofi ina buɗewa ina rufewa in ga ko wata ta fara cijewa. Na kafa wa wata tsohuwar tsaga da ke saman murhu ido, tsagar da ta girmi Sioned, ina rantsuwa ta ƙara tsawo. Ruwan sama kuwa bai ɗauke ba, hazo ya sauko ya rufe dutsen har ba a ganin layin da ke samanmu.

Sioned ta bugo waya ranar Lahadi. "Mama, yaya ɗumi?"

"Kamar gidan burodi. Har taga muke buɗewa."

"Baba fa?"

"Yana nan yana cika min ciki da shirunsa."

"Na ji muryarki wani iri."

"Muryata ce tun kafin a haife ki. Sai an jima, abinci zai ƙone."

A makon ne, ina ware wanki, na ga hankicin Idwal duk baƙin tabo, mai warin tsatsa. Ba ɗaya ba, kusan duka. Na ce, "Kai kuma me kake gogewa da su, bututun hayaƙi?" Ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya ce shi ma bai sani ba. Na zuba su a ruwan zafi na ci gaba da harkata. Akwai tambayar da ba na son yi a gidan nan. Mahaifin Idwal a ɗakin baya ya zauna da mu, ruɗewar tsufa ta kama shi, ya fara da neman hularsa tana kansa, ya ƙare an zo da mota an kai shi babban asibitin da ke kan tudu, yana kiran sunan matarsa da ta daɗe a ƙasa. Tun ranar Idwal bai sake bin hanyar asibitin ba, ko da ita ce ta fi kusa.

Gethin ya dawo da zarto da ƙarfen ɓanɓare katako. Zai fara daga falo. Ya durƙusa kusa da radiyetar da ke ƙarƙashin taga yana nannaɗe kafet, sai na ga ya tsaya. Ya ɗaga kai yana kallon saman radiyetar, can gefe, inda ɗan notin da ake kwancewa a sace iskar da ta taru a ciki yake. Ya shafa shi da yatsa. Ya tashi ya je ɗakin cin abinci, ya hau sama, na ji takunsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Da ya sauko ya janyo ƙofar kicin ya rufe, don Idwal yana falo.

Ya yi ƙasa da murya. "Inna, duk notocin nan suna ƙyalli. Na gidan kowa fenti ya rufe su, naku kamar yau aka ƙera. Akwai mai buɗe su."

"To sai me?"

"Tsohon tsarin, in ka sace iska ka zubar da ruwa, tankin rufi zai mayar maka. Wannan kuwa a rufe take ruf, kofi ɗaya ka ɗiba sai allura ta nuna. Na yi wa Baba bayani ranar da na ɗora ta, shi ya ma ƙarasa min maganar." Sannan ya ce, "Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce, "Kai Gethin, ni za ka tsaya a kicin ɗina ka tambaya lafiyar mijina? Mutumin da ya koya wa ubanka riƙe sifana? Kwashi tarkacenka."

"Inna, ba da wata manufa..."

"Na ce kwashi!"

Ya kwasa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki dai kira ni, ko yaushe ne." Na rufe ƙofar kafin ya gama sa takalmi.

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na sani. Kowace shekara in sanyi ya fara shigowa, Idwal yakan ɗauko ɗan makullinsa na tagulla na kwance notocin nan da tsohon kofin gwangwani, ya bi radiyetocin gidan tun daga ƙasa har sama. Ya murɗa, iska ta yi tsii, ya jira har ruwa ya biyo, kuma ba ya rufewa sai baƙin ruwan ya wuce ya ga fari. Haka ubansa ya koya masa, haka mazan layinmu duka suke yi. Sau ɗaya a shekara. In ya gama ya ɗora buta a murhu, ya ƙyasta ashana, don har yau bai yarda da maɓallin kunnawa ba, ya zauna ya sha shayi kamar wanda ya gina coci.

Washegari bayan karin kumallo na sa kot na ɗauki jaka kamar kullum, na ce na tafi sayen burodi da jarida. Na kai bakin layi na juyo. Na buɗe ƙofa a hankali, na cire takalmi. Tun daga ƙasan matakala na ji shi, tsii, sannan ƙarar ruwa a gwangwani.

Yana ɗakin Sioned na da, can sama, a durƙushe. Kofin ya kusa cika da baƙin ruwa, hankici a ɗaya hannun. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa a sake.

"Yauwa Menna. Sanyi ya shigo, na ce bari in yi na bana. Ɗakin yarinyar nan ƙanƙara ne, ga shi ta kusa tasowa daga makaranta."

Sioned ta ba arba'in baya, ɗanta ma ya gama makaranta. Na dafa bango. Na tsorata, tsoron da ban taɓa ji ba ko a gadon asibiti. Da ma ramin ne ya buɗe a ƙarƙashin falo, da na san yadda zan yi da shi.

Na ce, "Sannu da aiki. Kawo kofin in zubar."

Da rana yana gyangyaɗi a kujera na zare makullin daga aljihun rigarsa, na jefa a aljihun kot ɗina. Na ce a raina shi ke nan, ba makulli ba yoyo. Allura za ta zauna a kore, gida zai yi ɗumi, Sioned ta zo Kirsimeti ta ga kowa lafiya ta koma. Sauran kuma ni zan ji da shi, ai ni na yi jinyar uban. Na buga wa Gethin na ce an gano wurin, an gyara. Ya ce to.

Allurar ta zauna, ba ta sake sauka ba. Amma Idwal bai zauna ba. Ya birkice aljihun tebur, ya zazzage gwangwanin ƙusoshi, ya duba har cikin tukunyar shayi.

"Menna, ba ki ga ɗan makullina ba?"

"Wane makulli kuma? Zauna ka sha shayinka."

"Akwai iska a bututun nan. Ina jin ta."

"Babu wata iska. Taɓa ka ji, zafi rau."

Ya taɓa, ya janye hannu, ya ci gaba da nema. In an jima ya sake tambaya, in sake ba shi amsar. Har na daka masa tsawa sau ɗaya, ya dube ni kamar yaron da aka mara ba laifi, na shige banɗaki na yi kuka.

Ranar Alhamis na tafi kantin magani karɓo ƙwayoyinsa na hawan jini. Layi ya yi tsawo, ga wata mata a gabana tana ba da tarihin gwiwarta tun daga farko. Da na dawo, ina tura ƙofar gida warin gas ya buge ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Hannuna ya tafi wajen makunnin fitilar zaure da kansa, na janye shi kafin ya taɓa.

Sai na ji ƙarar daga kicin, tsiii, doguwa, ba ta yankewa.

Murfin boilar yana jingine da bango. Notocinsa suna jere a ƙaramin faranti, tsaf, yadda ya saba jera su. Idwal yana tsaye da babbar sifanarsa ta masana'anta, ya kama notin bututun da ke da hannu rawaya, na gas. A kan murhu buta ce cike da ruwa, kwalin ashana a gefenta.

Ya juyo yana murmushi, murmushin da na daɗe ban gani ba. "Kin ji ta? Na gaya miki akwai iska. A nan ta taru, shegiya. Bari ta gama fita ruwa ya biyo, sai in ɗora mana shayi."

Ban san muryata za ta iya fita a hankali haka ba. "Aikinka ya yi kyau. Zo ka riƙe min ƙofa, kayan nan sun yi min nauyi."

Na ɗauke ashanar na sa a jaka. Na kama hannun rigarsa na ja shi zaure, na buɗe ƙofar gida na tsayar da shi a waje. Na koma na shiga ƙarƙashin matakala inda mitar gas take, na kama hannun ƙarfen da hannu biyu na murɗa shi har ya gitta. Ƙarar ta yi ƙasa, ta mutu. Na bankaɗe ƙofar baya da tagar kicin, na fito ina tari.

Muka tsaya a bakin titi, ruwa yana sauka a kanmu. Shi da silifas, sifanar tana hannunsa har yanzu. Labulen gidan da ke kallonmu ya motsa. Gidanmu kuwa ga shi nan ƙofa a wangale, bangonsa lafiya, ƙofofinsa duk suna rufuwa, babu abin da ya same shi.

Na kira masu gas na gaggawa, suka ce kar mu koma ciki. Na kira Gethin, ya ce ga shi nan tafe. Sannan na tsaya ina kallon wayar har ruwa ya jiƙa gilashinta. Na goge da hannun kot, na danna sunan.

"Mama? Ina wurin aiki, lafiya?"

"Sioned, wurin nan da kika ce. Mai igiyar. Yana nan?"

Ta ce, "Boilar ce ta mutu?"

"Boilar lafiyarta lau. Ki zo kawai."

Na kashe. Idwal yana rawar ɗari, ruwa na bin furfurarsa yana shiga wuyan riga. Na zare sifanar daga hannunsa, na laluba aljihun kot ɗina na ciro ɗan makullin tagullar na danƙa masa. Ya dube shi, fuskarsa ta washe, ya dunƙule hannu a kansa.

"Da wa kike magana?"

"Da Sioned. Tana zuwa."

Ya juya yana duban gangaren layi, wajen da motar makaranta take tsayawa a da.

Ya ce, "To mu shiga mana. Ban gama ɗakinta ba."